Daga gefen fili zuwa can baya: yadda ake sauya wa tsofaffin 'yan tsaro gurbi a ƙwallon Amurka

A ƙwallon Amurka, wasan nan da ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, akwai wata tsohuwar dabara da masu horarwa ke komawa gare ta idan gwanin ɗan tsaro ya haura shekara 30. Sai a ɗauke shi daga gefen fili, gurbin da ake kira kwanabak, a mayar da shi can baya, gurbin da ake kira sefti. Masu bin wasan da Faransanci, musamman a Kanada, suna kiran na farko "demi de coin", na biyu kuma "demi de sûreté" ko "maraudeur". Wannan sauyi ya ƙara wa wasu 'yan wasa shekara huɗu ko biyar a fili, wasu kuma daga shi sai sallama.

Yadda wasan yake a taƙaice

Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11 a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, wato kusan mita 91, ban da wurin cin maki da ke kowane ƙarshe. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci yadi 10, ko dai ta gudu da ƙwallon a hannu ko ta jefa ta gaba. Mai jifan shi ake kira kwatabak, kuma akwai masu gudu su shiga cikin fili don su cafe abin da ya jefa. Yawanci mutum huɗu ne ke tsaron baya don hana wannan jifa: kwanabak biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da sefti biyu a bayansu.

Aikin kwanabak

Kwanabak yana tsayawa gaba da gaba da mai cafe ƙwallo, sau da yawa shi kaɗai ba mai taimako. Mai cafewa ya san inda zai nufa, shi kuwa kwanabak sai dai ya bi. Yakan fara da gudu da baya-baya, sannan ya juya ƙugu cikin ƙiftawar ido ya bi abokin karawarsa kafaɗa da kafaɗa. Tun shekarar 1978 dokar gasar NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ta hana ɗan tsaro ture mai cafewa ko tare masa hanya da zarar ya wuce yadi biyar daga inda aka fara wasan. Wannan doka ta sa ƙafa ta zama babban jarin kwanabak.

A gwajin da ake yi wa matasa kafin ƙungiyoyi su zaɓe su, akwai tseren yadi 40, kusan mita 37. Gwanayen kwanabak kan gama shi a cikin daƙiƙa huɗu da rabi ko ƙasa da haka. Idan shekaru suka rage wa mutum ko da taku ɗaya, masu horar da abokan hamayya za su gani a bidiyon wasanni, kuma mako mai zuwa ta gefensa za a riƙa jifa.

Aikin sefti

Sefti iri biyu ne. Na farko yana tsayawa nesa, kamar yadi 10 zuwa 15 daga layin farawa, a tsakiyar fili. Fuskarsa tana kallon kwatabak, yana karanta idonsa da kafaɗarsa don ya gane inda ƙwallo za ta faɗa, kuma shi ne shingen ƙarshe idan an wuce kowa. Na biyu yana matsowa kusa da layi, yana taimakawa wajen kayar da masu gudu da ƙwallo, yana kuma gadin ƙartin da ke tsayawa a ƙarshen layin masu kai hari, waɗanda kan fi shi tsawo da nauyi.

Tazarar da ke tsakanin sefti da layin farawa ita ce sirrin wannan sauyi. Tana ba tsohon ɗan wasa lokacin da ƙafarsa ta daina ba shi. Wanda ya shafe shekara goma yana gadin masu cafewa ya san hanyoyin da suke bi, yakan gane tsarin harin tun daga yadda aka jera, don haka yakan tashi kafin a saki ƙwallo. Har ila yau, sefti ne ke yawan sanar da abokan tsaronsa tsarin da za a bi, yana ihu yana nuni da hannu kafin a fara. Masu bin ƙwallon ƙafa sun ga irin wannan a wurin Paolo Maldini na AC Milan, wanda ya koma tsakiyar baya daga gefen hagu da shekaru suka ja, ya buga har 2009 yana da shekara 40.

Waɗanda sauyin ya karɓa

Sunan da aka fi ambata shi ne Rod Woodson. Ya buga kwanabak a Pittsburgh Steelers daga 1987 zuwa 1996, an zaɓe shi gwarzon ɗan tsaro na gasar a 1993, sannan ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasan farko na kakar 1995. A 1999, yana da shekara 34, Baltimore Ravens ta mayar da shi sefti. A kakar nan ya cafke jifa bakwai na abokan hamayya, babu wanda ya fi shi a gasar. Da shi ƙungiyar ta ci kofin Super Bowl a watan Janairun 2001. A 2002, a Oakland Raiders, ya sake cafke takwas yana da shekara 37. Ya bar fili da jimillar 71.

Charles Woodson, wanda suna kawai ya haɗa su da Rod, ya bi irin wannan hanya. Ya zama gwarzon ɗan tsaro a 2009 yana kwanabak a Green Bay Packers, wadda ta mayar da shi sefti a 2012. Farkon bai yi daɗi ba: ya karye a ƙashin da ke haɗa kafaɗa da ƙirji, ya rasa wasanni tara, kuma ƙungiyar ta sallame shi a farkon 2013. Ya koma Raiders, inda ya fara wasan ƙwararru a 1998, ya ƙara kaka uku a matsayin sefti. A kakarsa ta ƙarshe, 2015, ya cafke jifa biyar yana da shekara 39, jimillarsa ta kai 65.

Aeneas Williams ya koma sefti a St. Louis Rams a 2003 yana da shekara 35, kuma an saka shi cikin taurarin kakar. Ronde Barber na Tampa Bay Buccaneers ya yi sauyin a 2012 yana da shekara 37, ya buga duk wasanni 16 na kakar kafin ya yi ritaya. Dukkan mutanen huɗu suna cikin zauren karrama fitattun 'yan wasa da ke Canton, a jihar Ohio.

Ana yawan saka Ronnie Lott na San Francisco 49ers cikin wannan jeri, sai dai nasa daban ne. Ya bar gefe a 1985 yana da shekara 26 kacal, da sauran gudunsa, domin ƙarfin dukansa ya fi amfani a tsakiya.

Inda ake samun cikas

Abu na farko shi ne kayarwa. Kwanabak yana iya shafe wasa guda bai yi karo da kowa sosai ba, yana da layin gefe da ke taimaka masa wajen tura mutum waje. Sefti kuwa dole ya tari mai gudu da ƙwallo a fili buɗaɗɗe, mutumin da kan wuce kilo 95 yana tafe da cikakken gudu. Idan ya kuskure, babu kowa a bayansa. Woodson ɗin biyu da Barber duk an san su da son karo tun suna gefe, shi ya sa sabon gurbin bai zame musu baƙo ba.

Na biyu shi ne ido. Wanda ya saba kallon mutum ɗaya dole ya koyi kallon fili gaba ɗaya, ya kuma koyi kusurwar da zai bi ya tare ƙwallo ko mai ɗauke da ita. Kuskuren taku biyu daga tsakiya yakan zama maki shida ga abokan hamayya.

Na uku shi ne jiki. Sauya gurbi ba ya warkar da rauni, yakan ma ƙara yawan karo. DeAngelo Hall na ƙungiyar Washington ya tsinke jijiyar agara a 2014, ya koma sefti a 2015, sai ya ji rauni a gwiwa a farkon kakar 2016. Kakar 2017 ce ta zama ta ƙarshe a gare shi.

Akwai kuma batun kuɗi da girma. Tun 1994 gasar NFL ta ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta iya biya, kuma a kasuwar 'yan wasa kwanabak ya fi sefti tsada. Wanda ya yarda ya koma baya yakan yarda da ragin albashi, ya kuma amsa a bainar jama'a cewa ƙafarsa ta ragu. Ita ma ƙungiya tana da nata lissafin: ta riƙe tsohon hannu mai tsada yana koyon sabon aiki, ko ta ɗauko matashin da ya taso a gurbin tun daga jami'a a kan kuɗi kaɗan.

Waɗanda ba su sauya ba

Ba kowane tsohon kwanabak ne ke buƙatar komawa baya ba. Darrell Green ya yi kaka 20 a Washington, daga 1983 zuwa 2002, ya yi ritaya yana da shekara 42 a gurbinsa na gefe. Gajere ne marar nauyi, wanda aikin sefti ba zai dace da shi ba, amma gudunsa ya daɗe bai gushe ba. Wasu kuma ana matso da su ciki kaɗan ne, su zama ɗan tsaron baya na biyar da ake sakawa idan ana sa ran jifa, gurbin da ya fi buƙatar wayo da saurin juyawa a kan dogon gudu.

A wasan yau, inda ƙungiyoyi ke yawan jera masu cafewa uku ko huɗu, iyakar da ke tsakanin gurabun biyu ta fara dusashewa, domin ana son sefti ma ya iya gadin mutum shi kaɗai. Wannan ya ƙara wa tsohon kwanabak daraja a tsakiya, kamar yadda aka gani a wurin Kareem Jackson, wanda ya bar Houston Texans ya zama cikakken sefti a Denver Broncos a 2019 yana da shekara 31. Tambayoyin da masu horarwa ke yi kafin su yanke shawara ba su canza ba: ko ɗan wasan yana kayar da mutum ba tare da tsoro ba, ko yana karanta kwatabak, ko jikinsa zai jure karo har ƙarshen kaka.