Ƙarfin Sama a Yaƙin Basasar Najeriya

A yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ɓangarorin biyu, wato gwamnatin tarayya da Biyafara, sun shiga fage ba tare da jiragen yaƙi na kirki ba. Rundunar Sojin Sama ta Najeriya, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, jiragen horo da na jigila ta fi mallaka.

A watan Agustan 1967 Tarayyar Sobiyet ta sauke jiragen MiG-15 da MiG-17 a filin jirgin saman Kano, inda aka harhaɗa su.  Aka ƙara da L-29 daga Cekoslobakiya, daga baya kuma masu jefa bam samfurin Il-28. Matuƙa 'yan Masar ne suka ja da yawa daga cikinsu, kuma bama-bamansu sun sha faɗawa kan kasuwanni da asibitoci, abin takaici ƙwarai.

Biyafara ta fara da tsohon B-26 da ɗan Folan Jan Zumbach ya tuƙa. A watan Mayun 1969 Carl Gustaf von Rosen, ɗan Suwidin, ya kawo ƙananan jirage 5 samfurin MFI-9 da aka ɗaura wa rokoki. Suna tafiya ƙasa-ƙasa, kusan suna shafar kan itatuwa, suka kai hari filayen jiragen saman Fatakwal, Benin da Inugu.

Duk da rinjayen tarayya a sama, ta kasa rufe filin jirgin Uli na Biyafara, inda jiragen agaji ke sauka da dare, sai da sojojin ƙasa suka kama shi a Janairun 1970.