Abin da ya kamata a sani game da tamburan biyan kuɗi a shafukan intanet

A ƙasan shafukan cinikayya na intanet akan ga jerin ƙananan tambura irin na Visa, Mastercard da PayPal, waɗanda ke sanar da mai saye hanyoyin biyan kuɗin da ake karɓa. A shafuka da dama, waɗannan tambura haruffa ne, kodayake ido na ganinsu kamar hotuna.

Masu zane kan tattara tambura masu yawa cikin fayil guda na salon rubutu, su bai wa kowanne gurbin harafi ɗaya. Idan shafi ya kira wannan harafi, sai tambarin ya bayyana. Fitacce a wannan fanni shi ne Font Awesome, wanda Dave Gandy ya fitar a shekarar 2012. Akwai kuma PaymentFont, da aka keɓe wa hanyoyin biyan kuɗi.

Amfanin tsarin shi ne sauƙi. Ana iya ƙara wa tambari girma ba tare da ya dusashe ba, a kuma sauya masa launi kamar kowane rubutu.

Sai dai yana da nakasu. Galibi harafi launi ɗaya yake ɗauka, don haka da'irorin Mastercard masu launi biyu kan fito da launi guda. Idan fayil ɗin ya gaza saukowa saboda raunin sabis, ɗan akwati fanko ake gani. Manhajojin da ke karanta wa makafi shafi ma sukan ruɗe. Irin waɗannan dalilai ne suka sa GitHub ya koma amfani da zanen SVG a 2016.

A Najeriya, tamburan da aka tattara a ƙetare sun fi karkata ga katunan ƙasa da ƙasa. Saboda haka masu gina shafuka kan ƙara na Verve, mallakar Interswitch, ko na AfriGo, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Janairun 2023, da hannunsu.

Ya kamata mai saye ya sani cewa kowa na iya liƙa waɗannan tambura kyauta, har da 'yan damfara. Ganin tambarin Visa ba shaida ba ne cewa shafin amintacce ne. Kafin shigar da lambar kati, wajibi ne a duba adireshin shafin da kuma kamfanin da ke karɓar kuɗin.