Wa Ke Ciyar Da Ɗalibi? Waiwaye Kan Tarihin Tukunyar Makaranta

Duk malamin da ya taɓa shiga aji bayan sha biyun rana ya san fuskar yaron da bai karya ba. Za ka gan shi ya kifa kai a kan benci, ko kuma ya zuba wa allo ido alhali hankalinsa yana wajen mai ƙosai a bakin ƙofa. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da nake so mu bi sawunsa a wannan maƙala shi ne yadda nauyin ciyar da ɗalibi ya riƙa sauya kafaɗa a ƙasar nan, daga jama'ar gari zuwa En'e, daga En'e zuwa gwamnati, har ya kai ga zama nauyin da kowa ke cewa na wani ne.

Kafin zuwan boko, gari ne ke ciyar da mai neman ilmi. Malamin tsangaya yana da gona, almajirai su noma ta da damina, manoma su kawo zakkar hatsi bayan girbi. Yaro ƙarami kuma yakan sami uwar ɗaki a cikin unguwa, wadda ta san sunansa da sunan garinsu, tana ajiye masa kwanonsa dare da rana, shi kuma ya ɗebo mata ruwa ko ya yi mata aike. Ba a rubuta wannan tsari a takarda ba, amma kowa ya san rabonsa a ciki, kuma macen da almajirinta ya kwana da yunwa kunya ce a gare ta.

Da Turawa suka kafa mulki, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, daga bisani kuma aka sami makarantun Midil a larduna. Waɗannan makarantu na kwana ne, kuma hukuma ce ta ɗauki ci da sha da suturar ɗalibai. Ba tausayi kawai ya sa aka yi haka ba. Iyaye suna gudun boko, sai an matsa wa hakimi ko dagaci kafin ya kawo yaro, don haka babu yadda za a ce uban da aka ƙwace wa ɗa ya riƙa aiko masa da hatsi. Ya kamata mai karatu ya lura da abu guda a nan: ɗaliban ba su da yawa. Ciyar da 'yan ɗaruruwa a lardi guda bai fi ƙarfin baitulmali ba.

Lissafin ya canza a 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yara suka kwararo fiye da yadda aka tanada, aka shiga neman ajujuwa da malamai, maganar abinci kuwa ba ta ma taso ba. Ɗan firamare sai abin da uwarsa ta ƙulla masa na kuɗin tara, in akwai. A can sama ma tukunya ta fara girgiza. A watan Afrilu na 1978 aka ƙara wa ɗaliban jami'o'i kuɗin abinci da na ɗakin kwana, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa a ƙarƙashin Segun Okeowo ta fito zanga-zangar da ake kira "Ali Must Go", suna neman a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar. Maganar faranti ce ta zubar da jini.

Da farashin man fetur ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a zamanin Shagari, sannan SAP ta zo a 1986. Makarantun kwana da dama suka koma je-ka-ka-dawo. Waɗanda suka rage kuwa, mu da muka zauna a cikinsu bayan wannan lokaci ba sai an ba mu labari ba. Mun ci gabza da miyar da kana iya hango gindin kwano ta cikinta, mun tsince ƙwari daga wake har muka gaji muka daina tsincewa. Akwatin da babu garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji, mai shi yana cikin wahala. Ba don ba a ware kuɗi ba ne kullum. Sau da yawa rijiya ce ta bayar, guga ya hana, tsakanin ɗan kwangila da mai riƙe da mabuɗin sito.

Dawowar mulkin farar hula ta dawo da maganar. An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, kuma dokarsa ta 2004 ta lissafa abincin rana cikin abubuwan da za a ba yaro kyauta, tare da littattafai da kujeru. A Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ciyar da 'yan firamare a zangonta na farko, ta kuma sake yi daga 2011. A 2005 Gwamnatin Tarayya ta gwada ciyarwa da amfanin gonar gida a jihohi 12 da Abuja, amma cikin 'yan shekaru akasarinsu suka watsar. Jihar Osun ce ta riƙe nata, har Gwamna Rauf Aregbesola ya sake masa fasali a 2012.

A Janairun 2016 Jihar Kaduna ta fara nata a kan Naira 50 kowane yaro. Makarantu suka cika maƙil, abin da ya nuna yawan yaran da yunwa ta tsare a gida, ko da yake an yi ta kukan cewa wasu da sun cinye sai su kama hanya. Shirin bai cika shekara ba aka dakatar da shi saboda nauyin kuɗi. A shekarar ce kuma gwamnatin Muhammadu Buhari ta fara na ƙasa baki ɗaya, ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan Naira 70, daga baya aka mai da shi Naira 100. Gwamnati ta ce yara fiye da miliyan 9 suka amfana, mata masu dafawa ma suka sami sana'a. Sai dai tsadar kaya ta cinye kuɗin, har ya zama da ƙyar yake sayen ƙwai guda. A Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar da ke kula da shi domin bincike, tukwane suka huce.

To, me wannan dogon tarihi ke gaya mana? A ganina, ɗalibi ya ƙoshi ne a duk lokacin da aka san takamaiman wanda za a tuhuma in ya kwana da yunwa. Uwar ɗaki tana da suna, ma'ajin En'e yana da littafi. Shirye-shiryen baya-bayan nan kuwa an ɗaura su ne a wuyan wanda ke kan kujera, in ya sauka ko aljihu ya yi sanyi sai su bi shi. Dokar 2004 tana nan a rubuce, amma ba mu ɗauke ta a matsayin haƙƙin da ake bin bashinsa ba. A ƙasar Indiya, wadda ta fi mu yawan yara nesa ba kusa ba, masu fafutuka ne suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba da umarni a 2001 cewa jihohi su riƙa ba 'yan firamaren gwamnati dafaffen abinci. Tun daga nan gwamnatoci suka yi ta sauyawa, abincin rana bai tsaya ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana malamai da ƙungiyoyin iyaye da marubuta, mu daina kallon abincin makaranta a matsayin kyautar gwamna. A saya daga manoman ƙauyen da makarantar take, a liƙa lissafin a jikin bangon ofishin hedimasta, iyaye mata su riƙa leƙa tukunya su ɗanɗana. Gobe da safe yaron nan zai sake zama a gabana, ni kuma zan ce ya buɗe littafi. Allah Ya sa kafin nan wani ya tuna da cikinsa, amin.