EarthCache: ƙa'idojin rubuta shaidar ziyara, da abin da suke nufi a duwatsun Kudancin Kaduna

A farkon watan Mayun shekarar 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin siginar GPS da farar hula ke amfani da ita. Kwana ɗaya bayan haka wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon, ya wallafa lambobin wurin a intanet domin a nemo shi. Daga nan wasan farautar ɓoyayyun akwatuna ya samo asali: a bi lambobin wuri, a gano akwati, a sa hannu a takardar da ke ciki.

EarthCache reshe ne na wannan wasa, amma shi babu akwati a cikinsa, babu takardar sa hannu. Abin da ake nema shi ne wurin kansa, wato dutse, ko kwari, ko magangarar ruwa, tare da darasin kimiyyar ƙasa da ke tattare da shi. An kafa na farko a watan Janairun 2004 a gaɓar tekun jihar New South Wales ta Ostireliya, kuma Ƙungiyar Masana Kimiyyar Ƙasa ta Amurka ce ta jagoranci shirin tare da kamfanin da ke gudanar da shafin wasan.

Tunda babu takarda, da me mutum zai tabbatar ya je? Wanda ya kafa darasin yana rubuta tambayoyin da ba za a iya amsa su ba sai an tsaya a wurin: launin dutsen, girman ƙwayoyinsa, inda tsagar ta fuskanta. Mai ziyara ya je da ƙafarsa, ya duba, ya aika wa mai darasin amsoshinsa ta saƙon sirri, sannan ya rubuta a shafin cewa ya samu. Ba dole ba ne ya jira a amsa masa kafin ya rubuta. Amma idan bai aika amsa ba, mai darasin yana da ikon goge shaidarsa.

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne zuba amsoshin a cikin rubutun da kowa ke karantawa, ko sanya hoton da ke tona amsar. Hakan yana ɓata darasin ga duk mai zuwa a baya. Tun daga 2019 an yarda mai darasi ya buƙaci hoto a matsayin shaida, sai dai ba a tilasta wa kowa nuna fuskarsa. Hoton hannu ko na wani abin mutum a wurin ya wadatar. Idan tawaga ce ta je, mutum ɗaya na iya aika amsa da sunan kowa in mai darasin ya amince, muddin an ambaci sunayen. Wanda kuma ya kwafo amsa daga littafi yana zaune a gida bai ziyarci komai ba.

Ta ɓangaren mai darasi ma akwai ladabi. Amsar da ta nuna mutum ya je ya yi ƙoƙari, ko da ta kauce, gyara take buƙata, ba gogewa ba.

Kudancin Kaduna na cikin yankunan da suka fi dacewa da irin wannan darasi a Nijeriya. Tsaunukan Kagoro, da ke gefen yammacin tudun Jos, na cikin rukunin duwatsun giranit da masana ke kira ƙananan giranit, waɗanda suka samu fiye da shekaru miliyan 140 da suka wuce, kuma daga irinsu ne kuzar Jos ta fito. Kusa da Kafanchan akwai magangarar ruwa ta Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin kimanin mita 30. Tambayar da ta dace a irin wannan wuri ba ita ce tsayin ruwan ba, domin wannan kowa zai samu a waya. Gara a ce mai ziyara ya bayyana yadda ruwa ya cinye ƙasan dutsen, ko ya kwatanta dutsen da ke jiƙe da wanda ke bushe.

Sai dai akwai ƙa'ida ɗaya da nauyinta a nan ya fi na wurare da yawa: ba a haƙa, ba a fasa, ba a ɗauke komai. A wata ƙasa wannan batun tsabtar muhalli ne kawai. A Kudancin Kaduna batun doka ne da tarihi. A 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok, wanda yanzu ke ƙaramar hukumar Jaba. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kai na yumɓu daga yankin Jama'a, bayan ya yi zama a gonar doya yana korar tsuntsaye, kuma daga nan aka gane cewa wata tsohuwar al'umma ce ta bar su. Bayan haka masu tonon sata suka yi wa wuraren ɓarna mai yawa, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya kayan Nok cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a 2000. Ɓallin tukunyar da baƙo zai tsinta a bakin rafi yana iya zama ɗaya daga cikinsu, kuma da zarar an ɗauke shi daga inda yake, masu bincike sun rasa abin da zai gaya musu shekarunsa. Abin yi shi ne a bar shi, a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa. Haka ma duwatsu masu daraja irin safaya da ake samu a ƙasar Jama'a: Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗora mallakar ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya.

A ganina, wallafa lambobin wuri ma sai da lura. Lambobin magangarar ruwa da kowa ya sani ba su da illa, amma na gonar da aka ga kayan yumɓu jagora ne ga ɓarawo.

Sai batun izini. Sharaɗin shirin ne mai kafa darasi ya samu amincewar mai ƙasa ko hukumar da ke kula da wurin. A nan wannan yana nufin a fara da gaida dagaci ko hakimi. Tsaunukan Kagoro ba dutse ne kurum ba a wurin al'ummar Agworok, masu bikin Afan a ranar 1 ga Janairun kowace shekara. Tarihinsu na can, kuma inda mutanen gari suka ce kada a shiga, ba a shiga, ko da na'ura ta nuna nan ne wurin. A tambayi halin tsaro kafin a tashi, a ɗauki ɗan gari ya yi rakiya, a biya shi haƙƙinsa. A watannin Agusta da Satumba ruwan Matsirga yana da ƙarfi, duwatsun kuma da santsi. Wanda ya kasa isa wurin sai ya rubuta bayanin abin da ya hana shi, kada ya ce ya samu, domin mai zuwa gobe ya san halin hanyar.