Daga Turbar Fatake Zuwa Tagwayen Hanya

Wanda ya hau mota a Funtuwa zai tafi Gusau, ta Mairuwa da Sheme da 'Yankara har Tsafe, zai ɗauka tun fil'azal nan hanya take. Alhali kwaltar nan ƙanwa ce. Tana da yayye biyu, kuma duk wadda ta zo sai ta kashe wa ta gabanta kasuwa.

Ta fari ita ce turbar fatake, ta jakuna da takarkarai. A zamaninta Maska ce babban gari a kudancin ƙasar Katsina, garin masaƙa da marina, 'Yandoto kuwa, kusa da Tsafe, garin malamai. Ayari ba ya gaggawa. Inda rijiya take nan ake zango, inda aka yi zango nan kasuwa ke tsirowa.

Sai Turawa suka zo da ƙishirwar auduga, don masaƙun Ingila. A shekarun 1920 suka buɗe gonar irin auduga a Daudawa, inda ake yawaita irin Allen, ɗan asalin Amurka, a raba wa manoma. Kamfanin BCGA ya kafa injin gurza a Funtuwa, har yau unguwar ana ce mata Bisije. Manomi ya kai kayansa fuloti, a auna, a biya shi, a gurje, a ɗaure dila-dila. To dilolin nan jaki ba zai kai su teku ba. Shi ya sa aka ja hanya ta biyu, wato layin dogo, daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929.

Layin bai bi ta Maska ba. Ba wanda ya kai wa garin yaƙi, ba wanda ya rushe masa ganuwa, ciniki ne kawai ya yi ƙaura. Sarkin Maska kansa a Funtuwa yake zaune, sunan sarautar kaɗai ke tuna wa mutane inda aka fito.

Abin da jirgi ya yi wa jaki, shi mota ta yi wa jirgi. Da kwalta ta kafu, ga manyan motoci suna ɗaukar hatsi da shanu daga bakin kasuwa, sai tashar jirgi ta fara zama kufai. Yau ciyawa ta rufe dogon a wurare da dama, awaki na kiwo a kai. Garuruwan bakin titi irin Sheme, inda hanyar Ƙanƙara ta rabu, su suka gaji hada-hadar.

Ba mu kaɗai ba ne. Amurka ta buɗe shahararriyar hanyarta mai lamba 66 a 1926, ta soke ta a 1985 bayan sababbin manyan hanyoyi sun kewaye garuruwanta. Su dai sun mai da ragowarta wurin yawon buɗe ido. Mu tamu tsohuwar hanya, in ta yi sa'a, shanyar masara ake yi a kanta.

Yanzu ga aikin mai da hanyar Zariya zuwa Sakkwato tagwaye, kuma ta Sheme ya biyo. Direbobi na murna, suna da gaskiya, an gaji da ramuka. Amma a ganina akwai waɗanda ba a cika tambaya ba: mai shayi, mai faci, da yarinya mai tallan gyaɗa, waɗanda abincinsu ke rataye da motar da ta rage gudu. Su abin da suke son ji shi ne ta wane hannu sabon titin zai bi, kuma ina za a bar mahaɗa.