Ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Ɗan'uwa, in ka ga faifan sola a rufin shago cikin kasuwar Matamaye ana cajin salula da shi, kada ka ɗauka jiya abin ya iso ƙasarmu.

A Tasawa aka haifi Abdou Moumouni Dioffo a 1929. Ya yi karatu a Senegal, ya wuce Faransa, inda a 1956 ya ci babbar jarrabawar malaman kimiyyar fizik, wadda ko Faransawan kansu kaɗan ne ke tsallake ta. Bayan ya yi aiki a Bamako, a 1969 aka damƙa masa ONERSOL, ma'aikatar binciken hasken rana da ke Yamai.

Lissafin mai sauƙi ne: itace ƙarewa yake, fetur a wancan lokacin daga waje ake sayo shi, rana kuwa Allah Ya hore mana ita kyauta. Sai suka shiga ƙera tukwanen ɗumama ruwa, da murhun girki, da na'urar tace ruwa, duk da zafin rana. A nan gida fa aka ƙera su!

Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu a 1991. Jami'ar da yayyenku ke zuwa karatu, sunansa take ɗauke da shi tun 1992.