Jan Biri a Damargu: Ruwan Rani da Itacen Kwana a Gundumomin Tanut da Belbeji

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin jan biri (Erythrocebus patas) a ƙasar Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji na jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar. An gina ta a kan rubuce-rubucen masana dabbobi da na masana tarihin yankin. Ta nuna cewa dabarun kallon birai da ƙidayarsu da aka ƙirƙiro a kurmi ba su dace da wannan biri ba, kuma abu biyu ne ke riƙe da ransa a Sahel: ruwan sha da rani, da dogayen itatuwan da yake kwana a kansu.

Gabatarwa

Akasarin abin da aka rubuta game da biran Afirka daga kurmi ya fito. Gandun dajin Kibale na Yuganda yana da nau'o'i 13 na birai da danginsu, kuma tun 1970 Thomas Struhsaker ya fara bibiyarsu a can. A irin wannan daji mai bincike yakan sare siririyar hanya cikin duhuwa, ya bi ta da sassafe yana ɗaga kai, yana rubuta duk garken da ya gani ko ya ji kukansa. Masu yawon buɗe ido ma haka suke yi: biri na bisa reshe, mutum na ƙasa, tazarar ba ta da yawa.

A Damargu ba kurmi, ba rafi mai gudu. Birin da ya saba da irin wannan ƙasa shi ne jan biri, wanda ke wuni a ƙasa kuma yake hango mutum tun mutum bai hango shi ba. Tambayar maƙalar ita ce: me wannan dabba ke buƙata a nan, kuma ta wace hanya za a san yawanta?

Yankin da Tarihinsa

Garin Tanut yana kimanin kilomita 150 arewa da birnin Damagaram, a kan hanyar Agadas. Belbeji, da ke yamma, a cikin gundumar Tanut take har zuwa 2011 da aka ba ta tata gunduma. Ruwan sama yakan kama tsakanin milimita 200 da 350 a shekara, kuma kusan dukkansa cikin wata uku yake sauka. Iyakar noma ta arewa, wadda doka mai lamba 61-5 ta ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata, ta ratsa wannan ƙasa: kudu gonakin hatsi na Hausawa da Dagirawa, arewa makiyayar Abzinawa da Fulani.

Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa Damargu a watan Janairu 1851, ita ce rumbun hatsin Azbin, kuma Stephen Baier (1980) ya nuna yadda ayari ke kwasar gero da gashin jimina daga nan zuwa arewa. Namun dajinta ma sun shiga littattafan kimiyya. Angus Buchanan ya tattara samfuran dabbobi a yankin a 1920, shekara ta zagayo Rothschild ya sa wa wani reshen mena suna damergouensis, daga samfurin da aka samo a Takukut. A yau menar da ta rage a Nijar tana can a tsaunukan Tarmit da Azbin. Jimina da mariri sun ɓace daga Damargu. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, da farauta da mota, da faɗaɗar gonaki zuwa arewa, sun haɗu sun share manyan dabbobin yankin.

Jan biri ya fi su juriya. Ana samun sa a gandun Gadabeji da ke yamma da Belbeji, wanda aka keɓe a 1955 mai faɗin hekta 76,000, ana kuma samun sa a Azbin, inda Dekeyser ya bayyana wani reshensa a 1950 da sunan villiersi. Damargu tana tsakanin waɗannan wurare biyu. Wannan ya sa take da muhimmanci: in birin ya yanke a nan, na Azbin sun ƙara nisa da ƴan'uwansu na kudu, kamar yadda ƴan tsirarun bikan tsaunin Tamgak suka daɗe a ware.

Halin Jan Biri

Namiji yakan kai kilo 12, mace kuwa kusan rabin haka. Dogayen ƙafafu gare shi, kuma gudunsa na kaiwa kilomita 55 a sa'a, abin da babu wani biri a duniya da ke yi. Garke yakan ƙunshi mata da ƴaƴansu da babban namiji guda, wanda ke tsayawa gefe, bisa suri ko kan itace, yana gadi. K. R. L. Hall, wanda ya yi bincike na farko mai zurfi a kansa a Yuganda (1965), ya samu garke ɗaya na yawo a filin da ya kai murabba'in kilomita 52, kuma tafiyar wuni guda na iya kusantar kilomita 12.

Abincinsa bai sha wa Damargu kai ba. Binciken Naofumi Nakagawa a Kalamaluwe, arewacin Kamaru, da na Lynne Isbell a Laikipiya ta Kenya sun nuna ƙaro da ƙwari ne ginshiƙin cimarsa. Ƙaron dakwara da na ƙandili, da fara, da ƴaƴan aduwa da magarya, duk akwai su a kwarin Tarka da fadamun yankin.

Matsalar tana wurin ruwa. Da rani jan biri yana buƙatar sha a kai a kai, kuma a Sahel da rani yake haihuwa, bayan cikin wata biyar da rabi. Ke nan uwa tana shayarwa daidai lokacin da tafkuna ke ƙafewa. Damargu kuwa ƙasa ce da aka san ta da zurfin ruwa. Bayan tafki ya zama tsattsagen laka a watan Fabrairu ko Maris, abin da ya rage sai rijiya mai gaba da yawa wadda ake ja da raƙumi ko jaki, sai kuma famfon makiyaya. Biri ba ya ja da guga. Rabonsa shi ne ɗan abin da ya saura a komi, da caɓin da ya malala gefen rijiya bayan garken shanu na ƙarshe ya tashi. Idan rijiyar ba ta rabuwa da mutane da karnuka daga asuba har dare, wannan rabon ma ya faɗi. Isbell da Chism (2007) sun gano cewa a Laikipiya komayen shayar da shanu na daga cikin abin da ya riƙe jan biri a manyan wuraren kiwo. A ganina wannan ne sakamakon da ya fi kowanne amfani ga Tanut da Belbeji, domin ya nuna kiwo da jan biri na iya zama tare muddin ruwa na kwana a komi.

Abu na biyu, bayan ruwa, shi ne makwanci. Jan biri ba ya cunkusuwa a itace guda. Da magariba garken kan watse, kowane babba ya hau nasa itacen, uwa da jaririnta kawai ke haɗuwa, kuma ba safai suke maimaita wuri ba. Don haka garke ɗaya na buƙatar itatuwa masu tsawo da yawa, a wurare da yawa. Kowace aduwa ko ƙandili da aka sare don itacen girki ko aka sassaɓe wa awaki, makwanci ne ya ragu. Sassaben zamani, wanda ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, abin yabo ne, sai dai itatuwansa a cikin gonaki suke, inda manomi ba ya maraba da biri. Kuma manomin yana da hujja: garke guda na iya lalata wake da zangarniyar gero masu yawa cikin safiya ɗaya, a ƙasar da damina ɗaya ce tak. Sai kuma masu kama jariran birai su sayar ga masu wasa da biri a kasuwanni, wanda sau da yawa sai an kashe uwar.

Yadda Ya Kamata a Ƙidaya Shi

Bin miƙaƙƙiyar hanya da ƙafa, irin na kurmi, ba zai ba da adadi na gaskiya ba a filin da garke ɗaya ke da murabba'in kilomita hamsin kuma yake tserewa tun daga nesa. Abin da ya dace shi ne a jira shi inda dole ya zo. Daga Maris zuwa Mayu wuraren ruwa kaɗan ne, ana iya lissafa su. A duba sawu a caɓin bakin rijiya da sassafe kafin dabbobi su tattake shi, a kafa kyamarar da ke ɗaukar hoto da kanta a tafkunan da suka fi daɗewa, a kuma zauna da makiyaya da masu jan ruwa, waɗanda suka san kwarin da birai ke kwana da watan da suke bayyana. Maganarsu bayanin bincike ce, a rubuta ta da sunan wuri da kwanan wata.

A 2020 ƙungiyar IUCN ta saka jan biri cikin dabbobin da suka kusa shiga haɗari, ɗan'uwansa na arewacin Tanzaniya kuwa yana dab da ƙarewa. Dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07 ta 1998 ta ba jami'an gandun daji ikon aiki. Ina kira ga Jami'ar André Salifou ta Damagaram da ma'aikatan gandun daji na Tanut da Belbeji su fara wannan ƙidaya a bakin rijiyoyin kwarin Tarka a bazara mai zuwa.